Kwalba Uku da Idon Baba

A shekarar da Baba ya zo Dubai a cire masa yanar ido, ni na riga na zama gwanar soya sos, wannan baƙin ruwan waken suya da mutanen Asiya ke ɗiga wa abinci. Wata 'yar Filifin da muke aiki tare a ofishin jigilar kaya a unguwar Al Quoz ita ta koya mini. Nan da nan na fi ta zaƙewa, don haka nake, in na kama abu sai na gundure kowa da shi.

Kwalba uku nake ajiyewa. Akwai mai tsinkakken ruwa, wadda take ratsa shinkafa. Akwai baƙa wuluk mai kauri, ita ta ba da kala ce, tana mai da nama kamar ya kwana a wuta. Ta ukun mai zaƙi ce, tana dalala kamar maɗi, kuma ita na raina, ina cewa ta yara ce.

Likita ya duba Baba ya ce jininsa ya hau, ba zai taɓa idon ba sai ya sauka. Ya ba da magani, ya ce a janye gishiri. Bizar Baba ta wata ɗaya ce, kuma mako guda ya riga ya tafi. Da muka koma gida na kwashe gishiri da dunƙule na jefa a ƙasan kabad, ina jin kaina 'ya ta gari. A girkinmu na gida, in an ce gishiri, waɗannan biyun ake nufi. Ko sau ɗaya ban kawo kwalaben nan a lissafi ba. Abu baƙi, mai ruwa, daga wake, me ya haɗa shi da gishiri?

Na dafa shinkafa na raba ta gida uku, kowace da nata sos, na jera a gabansa.

"Baba, ɗanɗana ka zaɓa. Babu ƙwayar gishiri a ciki."

Ya laluba cokali ya ci ta farko, ya kurɓi ruwa.

"Wacce kika fi so, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Mai tsinkakken ruwan mana. Ita ce ta manya."

"To, ita ɗin."

Mako biyu ina zuba masa ita, a shinkafa, a taliya, har a miyar kuka, abin da ko mahaukaci ba zai yi ba. Ina dawowa aiki in tarar ya shanye gorar ruwa, in ce zafin garin ne. Takalminsa ya fara matse shi, na ce rashin tafiya ne, na ja shi unguwar Naif ya zaga kasuwa.

Ranar da muka koma asibiti jinin ya fi na da hawa. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni abin da yake ci, na zayyana mata da alfahari. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Habibti, ai sos ɗin nan gishiri ne aka narkar."

A tasi ban iya kallonsa ba. Sai can na ce, "Baba, ba ka ji gishirin ba?"

"Na ji tun cokalin farko."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kina dawowa a gajiye ki tsaya ki dafa mini. Kuma in buɗe baki in kushe girkin uwata?"

Na roƙe shi a ƙara bizar, ya ƙi. Ya ce damina ta kusa, gona ba ta jira, a bari sai baɗi in Allah Ya kai mu. Har yau ina jin zafin yadda ban matsa masa ba.

A filin jirgi wani ma'aikaci ya riƙe masa jaka ya wuce da shi ciki. Da ya kai bakin ƙofa sai ya juyo don ya yi mini sallama. Ina tsaye a hagunsa, amma ya fuskanci wata mata mai baƙar abaya da ke can dama, ya ɗaga mata hannu, yana murmushi, yana sa mata albarka. Na kasa kiransa. Matar ta ɗan yi turus, sannan ta ɗaga masa nata.