Waken da Aka Zuba a Adakar Kawu

Yayana Sale ya ci amanata, kuma ba zan sakaya sunansa ba. Na kai masa ajiyar adaka guda, cike da kayan da na shafe shekara talatin ina tsinta ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya kife ta a tsakar gida, ya ba 'yan gwangwan abin da ke ciki suka ba shi robobin wanki, sannan ya cika adakar da wake. Duk wanda na gaya wa sai ya ce, to wai mene ne a ciki haka? In na ce tsohuwar kwamfuta ce da 'yan kayan da ake jona mata, sai a kwashe da dariya. Shi ya sa na zauna na rubuta, ko da yake rubutun nawa na ɗan aji shida ne, don a san abin da ake yi wa dariyar.

Wata ranar Alhamis ce da kaka, ina aji huɗu a firamaren garinmu, Ketare. Na dawo daga gona da damin harawa a ka, ƙaiƙayi ya cika mini wuya, sai na tarar zauren gidanmu ya cika da yara har ƙofa. Kawu Lawal ne, ƙanen innarmu, ya dawo gida gaba ɗaya. Direba ne ga wani Bature mai aikin gona a wajen Faskari. Baturen ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, ya bar wa Kawu wata koriyar adaka. Na yar da harawar a hanya, awaki suka yi ta ci, na kutsa ta ƙarƙashin hammatar mutane. Kawu yana durƙushe yana fito da kaya yana jerawa a kan tabarma: ƙaramar talabijin baƙi da fari, rakoda, kaset-kaset, wani littafin Turanci mai kauri, sai wani baƙin abu mai faɗi kamar allon karatu, da haruffa jere a kansa. Ya ɗaga shi da hannu biyu kamar jariri ya ce, "Wannan ita ce mai ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa ba da izinina ba, sai na yanke masa kunne."

Ba mu da lantarki a lokacin. Da batirin mota ake tayar da ita, ta wasu wayoyi da Kawu ya haɗa da kansa, kuma ni nake tura batirin a baro zuwa wurin mai injin niƙa a yi masa caji. Kafin nan ba abin da nake so a duniya kamar langa da ƙwallon tsumma da ƙera motar kara. Duk na watsar. Da asuba in cika randunan gida, in share turken awaki, in tafi makaranta in zauna kamar gunki ina ƙirga inuwar bishiyar darbejiya, a tashi in ruga gona in yi abin da aka sa ni da gudu, don dai la'asar ta same ni a zaure.

Ranar farko da ta kama, Kawu ya danna haruffa da yatsa ɗaya, yana duba littafi yana dubawa, harshensa a waje. Sai ya ce, "Kai Hamisu, ya ake rubuta sunanka da boko?" Na faɗa masa. Ya danna wani maɓalli. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Sunana ya fito a talabijin, ya sake fitowa a ƙarƙashinsa, ya sake, ya yi ta gangarowa har ya cika gilashin tun daga sama har ƙasa. Ni da nake zaton sai gwamna da masu karanta labarai ne suke shiga talabijin. Baba ya shigo da butarsa a hannu, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah." Ya wuce. A rayuwata ban taɓa jin ya faɗi haka a kan wani abu da ya shafe ni ba sai ranar.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bayanta. Akwai wata 'yar kafa mai haƙoran ƙarfe, kuma duk abin da ka cusa a nan sai na'urar ta koyi sabon aiki. Kawu yana da wani ɗan baƙin akwati, bai kai sabulun wanki biyu ba. In babu shi, ba ta iya riƙe dogon rubutu. In an jona shi sai ta riƙe. "Ƙarin ƙwaƙwalwa ne," in ji Kawu. Na kwana nawa ina tunanin wannan magana! Ashe ana ƙara wa abu ƙwaƙwalwa daga waje? Har na taɓa tambayarsa ko akwai irinsa na mutane, don a jona wa wani ɗan ajinmu da kullum Malam yake zane shi a kan lissafi.

Matsalar akwatin ɗaya ce: ba ya zama daram. In ya ɗan girgiza, duk abin da aka rubuta ya tafi. Saboda haka sai an sami mai riƙewa. An gwada Yaya Sale sau ɗaya, bai yi minti biyar ba ya miƙe ya ce shi ba zai zauna gadin gwangwani ba alhali ana kokawa a dandali. Sai aikin ya dawo kaina. In durƙusa a bayan na'urar, in tallabe akwatin da hannu biyu, yana ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai, Kawu yana kwafar littafi harafi bayan harafi. Kullum gargaɗinsa ɗaya ne: "Kar ka motsa, kar ka yi tari. Ko ƙuda ya sauka a hancinka, bar shi ya huta." Wata rana mun yi tun azahar har rana ta yi ja, saura layi uku, sai wani bunsuru ya faɗo zauren a guje, kare na bin sa. Na zabura. Gilashi ya yi fari fat. Na rufe kai ina jiran duka, sai na ji Kawu yana dariya har da hawaye. Washegari na ɗebo ƙaron da muke sa wa tawada a makarantar allo, na jiƙa shi ya yi danƙo, na liƙe akwatin da jikin na'urar. Ya zauna kamar an gina shi. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai, wannan yaro injiniya ne."

Kaset ɗin kuwa ba waƙa ba ce a ciki. In aka kunna sai ka ji wani ƙara mai tsinin gaske. Innarmu ta leƙo ta ce, "Lawal, mi kake da lalatacciyar kaset? Kamar an taka wutsiyar mage." Ya ce, "Magana take yi, Yaya, ba da ke take ba." Sai mu yi shiru mu jira, a jira, a jira, gilashi yana ta zane-zane, can sai wasa ya fito: wani ɗigo yana gudu tsakanin bango da bango, wani yana bin sa. Yara goma sha a zaure ɗaya, ba mai ko numfashin kirki.

Injiniyan bai je ko'ina ba. Ina gama aji shida Baba ya kwanta ciwo, aka ce gona tana bukatar hannu. Wasu da nake koya wa lissafi yanzu suna ofis. Ni dai na lallaɓa na koyi gyaran rediyo a Kankara, daga nan talabijin, daga nan waya da sola. Da Kawu ya rasu aka zo raba kayansa, ba wanda ya kalli abin da ke cikin adakar, sai na ɗauka.

Daga nan na shiga tsince-tsince. A bayan littafin akwai hotunan wasu abubuwan da ake jonawa waɗanda Kawu bai samu ba, na ce sai na gan su da idona. A Faskari na tarar da 'yar na'urar buga takarda an tokare ƙofar wani tsohon sito da ita. Na gyara ta, tana rubutu a kan takarda mai ƙyalli tana tartsatsi da ƙaurin ƙuna. A Sabuwa wani mai shayi ya ɗora ƙafar teburinsa a kan akwatin da ake jona sandar sarrafa wasan na'ura. Na ce ya ba ni, ya ce to teburin fa? Na je na nemo masa dutse daidai wurin. Mafi girma shi ne wanda na samu a tulin gwanjo bayan shekaru ina nema: akwatin da ke sa ta magana. Ranar da na jona shi, ni kaɗai a shago, gemuna da furfura, na'urar Kawu ta yi mini sallama da wata murya ta hanci kamar mai mura. Na amsa mata. Wani malamin sakandare ya nuna mini a wayarsa cewa har a ƙasashen waje akwai masu irin haukana, suna neman wannan akwati ido rufe ba su samu.

Yanzu yara suna kawo mini wayoyin da suka fi waccan na'ura ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Suna shafa gilashi da yatsa suna hamma. In abu bai buɗe ba kafin ƙiftawar ido sai tsaki. Ban taɓa ganin ɗayansu ya buɗe baki don mamaki ba, kuma ina tausayinsu.

Bara damina ta kayar mini da bangon ɗaki, ga shi na samu aikin sola na wata uku a Sabuwa. Na ɗauki adakar na kai gidanmu na Ketare, na damƙa a hannun Yaya Sale. Da na dawo na same shi a gindin rumbu yana gyaran buhu. Na ga adakar a gefe, na buɗe, wake ya yi mini sallama. Ko kunya bai ji ba. Ya ce ƙwari sun dame shi, ita kuwa adakar ƙarfe ce mai murfin kirki. Ya ce tarkacen ciki ai ba mai ci ba ne, 'yan gwangwan sun zo wucewa ya ce su kwashe, har robobi uku suka bayar, in ina so in ɗauki ɗaya. Na san abin da suke yi da irin waɗannan kaya: su fasa da guduma, su ƙona, su zare jar wayar ciki.

Na rufe adakar a hankali. Na tsaya gabansa har sai da ya ɗago kai, na ce, "Yaya, zan ci gaba da gaishe ka, don cikinmu ɗaya. Amma ko allura ba zan ƙara ba ka ajiya ba. Da ka kira ni, da buhun adana wake goma zan aiko maka a ranar. Kira ɗaya, Yaya. Wayar da ke aljihunka ma ni na gyara maka ita."