Kwabon Mahaifina a Ƙarƙashin Jirgi

'Yata ta biyu walda ta koya, a wani shagon ƙera ƙofofi da tagogi kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ni malamar firamare ce, na so ta bi sawuna, ta ƙi. Daga baya ta samu aiki a Legas, inda ake ƙera jiragen ruwa na masu tsaron bakin teku.

Shekarar da na yi ritaya aiki ya tsaya musu. Wata da watanni ana jiran izinin fara sabon jirgi, ana ta sallamar ma'aikata. In na kira ta sai ta ce, "Mama, muna nan dai."

Wata Talata ina shanya citta a tsakar gida, sai ga ta ta sauko daga mashin da 'yar jaka, ba ta ko gaya mini tana tafe ba. Na ba ta ruwa, na zuba mata faten acca da nama. A zuci ina ta shirya yadda zan ce mata Allah zai buɗe wata hanya.

Ta cinye tas, sannan ta ce, "Mama, kwabon nan mai huji na Kaka yana nan?"

"Me za ki yi da shi?"

"Ranar Juma'a za a kafa ƙashin bayan sabon jirgi."

Ta bayyana mini cewa wani dogon ƙarfe ne da ake fara shimfiɗawa, a kansa ake ɗora sauran jikin jirgin. Al'adar maƙeran ce a sa tsohon kwabo a ƙarƙashinsa, da fatan jirgin ya riƙa dawo da mutanensa lafiya. Ita aka zaɓa ta yi waldar farko, shugabansu kuma ya ce in akwai kwabo a gidansu ta kawo.

Na ce, "Ashe ba korar ki aka yi ba?"

Ta dube ni, ta yi dariya. "Shi ya sa kika cika mini kwano da nama?"

Kwabon na mahaifina ne, tun yana aikin reluwe. Muka zazzage akwati biyu kafin muka same shi cikin gwangwanin maɓallai. Washegari da sassafe ta kama hanya.

Ranar Juma'a da yamma ta turo mini bidiyo. Muka kalla da maƙwabciyata a gindin mangwaro. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi. Sai ga 'yata ta durƙusa ta ajiye kwabon, ta rufe fuska da gilashin walda, wuta ta riƙa tartsatsi, manya masu fararen kaya suna tafi.

Maƙwabciyata ta sa na maimaita mata har sau uku, tana tambaya ko wutar ba ta ƙona yarinyar. Na bar mata wayar na shiga na ɗora tuwo. Ranar na ci na ƙoshi, abin da na daɗe ban yi ba.