Aljihun Da Ke Kallon Ƙasa

Alhamis, Batha

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga ɗakinmu na unguwar Batha, jakar bakko a kafaɗa, sanyin Riyad yana cizon kunne. A cikin jakar akwai ɗamara ashirin da na ɗinka da hannuna, kuma a kansu zamana a ƙasar nan ya rataya. Kafilina, wanda nake zaune a ƙasar da sunansa, ya sayar da shagon ɗinkin da na shekara tara a ciki, iƙamata kuma, katin izinin zama, saura kwana arba'in ta mutu. Ko in sami wanda zai ɗauke ni, ko in tattara in koma Damagaram, inda ginin da na fara ko rufi bai kai ba.

Isuhu ne ya kawo mini aikin. Mutumin Maradi ne, dattijo kamata, da can mai awon hatsi a kasuwa. Yanzu yana aiki a wani fili a arewacin gari inda manya da gemunsu ke biyan kuɗi su harbi juna da ƙwayoyin fenti. Masu wasan suna ɗaura ɗamara mai aljihu huɗu, kowane aljihu da gorar roba cike da ƙwaya. Maigidansa, Abu Fahad, yana neman tela, Isuhu ya ce ya san gwani. Ya bar mini samfuri ɗaya, ya ce in yi ashirin irinsa.

Da na shimfiɗa samfurin na daidaita rubutun jikinsa, sai na ga duk aljihunan ƙasa suke kallo, ba murfi, ba maɓalli, roba ce kawai ta matse su. Na yi dariya har abokin zamana ya leƙo. Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki, ban taɓa ganin aljihun da aka yi don ya zubar da kayan mai shi ba. Na ce kuskuren kamfani ne, bari in nuna musu ɗinki. Na juya bakin sama, na saki aljihun ya yi yalwa, na yi wa kowanne murfi da maɓalli biyu. Lambar Isuhu na cikin wayata, amma ban kira shi ba.

Bayan sallar asuba na karya a wurin wani Bayamale: waken ful da gurasar tamis riyal shida, shayi riyal biyu. Shida da minti goma na shiga jirgin ƙasa, tikiti riyal huɗu. Na zauna na rungume jakar, ina kallon gari yana farkawa ta taga, ina tsara yadda zan amsa yabo ba tare da an ga haƙorana ba.

Hanyar Sumama

Bakwai saura kwata na sauka a tasha ta ƙarshe. Wani direban tasi ɗan Sudan ya ce saba'in, na ce arba'in, muka tsaya a hamsin. Ya dubi jakar ta madubi.

"Esh fi, ya Hajji? Dabino ne?"

"Ɗinki ne. Na masu harbin fenti."

Ya girgiza kai. "A garinmu ana gudun harbi, a nan ana saye."

Ni ma abin ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Mun yi kamar kilomita ashirin sai ga shingen bincike. Ɗan sandan ya miƙo hannu, ni kuwa na tsaya kokawa da maɓallin aljihun gabana kafin katin ya fito. Ya duba, ya ce, "Baƙi arba'in yaum," wato saura kwana arba'in, kamar ni ban sani ba. Na ce na'am, na mayar da katin na ɓalle. Daga nan gidaje suka ƙare, sai jan rairayi da tantuna da raƙuma jefi-jefi. Takwas saura minti biyar muka tsaya a ƙofar filin, agogon motar ya nuna kilomita talatin da huɗu.

Filin Fenti

Isuhu ya tarbe ni da fara'a. Kafin komai ya kai ni ɗakin ajiya, wanda ya fi ɗakin kwanansa sanyi da tsabta. Ƙwayoyin ba su wuce 'ya'yan magarya ba, suna cikin ledoji a ɗaure. Ya ce zafi yana sa su laushi su manne da juna, sanyi in ya yi yawa su riƙa fashewa tun cikin bindiga, don haka na'ura ke riƙe da ɗakin dare da rana. Duk mako yana juya kwalayen don kada ƙwayar ta kwanta gefe guda. Na kalli yadda yake cika gora: ya kamfato, ya zuba, ya girgiza sau ɗaya, ya rufe, ba ya ko dubawa. Hannun mai awo ba ya mantuwa.

"Abin da ya hi mini wuya," in ji shi, "wadda ta faɗi ƙasa ba a ɗauka. Ƙasa na toshe bindiga. Ni da uwata ke sa mu tsince gero ɗaya-ɗaya! Wata shida ina sunkuyawa ana hana ni. To, buɗe mu gani."

Na buɗe. Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya sake juyawa. Fara'ar ta tafi.

"Malam Habu, mi ka yi haka?"

"Gyara na yi. Naku zubar da kaya yake."

"Ka tambaye ni?"

"Sai na tambaya kafin in san inda bakin aljihu ke kallo?"

Bai yi musu da ni ba, kuma da ya yi, da har yanzu muna can. Ya miƙo mini rigar wasa da safar hannu da abin rufe fuska. Ya ɗaura mini ɗamarata, aljihunan a baya wajen ƙugu, shi ya ɗaura samfurin da na dawo masa da shi. Ya zuba ƙwaya goma-goma kacal a ƙoƙon bindigoginmu, ya ce in ta ƙare kowa ya ƙara daga gorarsa.

Na laɓe bayan wata ganga. Ƙwaya goma ba ta kai numfashi uku ba ta ƙare. Na kai hannu baya, yatsa cikin safa ya kasa gane maɓalli. Na ajiye bindiga na sa hannu biyu. Na ɓalle ɗaya, saura ɗaya, sannan kafaɗar tsufa ta ƙi ɗaguwa ta zaro gorar ta sama. Sai na miƙe na waiwaya don in ga abin da nake yi. Nan Isuhu ya samu. Ta farko a cinya, zafi kamar harbin rina, sauran ban ƙirga da kyau ba, amma da na tuɓe na sami tabo bakwai.

Ya zo ya ce in kalla. Hannunsa ya tafi baya shi kaɗai, ya fizgo gorar ta ƙasa, murfinta ya faɗo daidai kan babban yatsa. Ya ɓalle, ya juye a ƙoƙo, ya yar da gorar. Idonsa bai bar gaba ba ko sau ɗaya.

"Wannan aljihun ba na ajiya ba ne," ya ce. "Na bayarwa ne."

Kunya ta kama ni, irin wadda rabona da ita tun ina ɗan koyo. Ba fentin ne ya dame ni ba. Mutumin nan ya sa sunansa a kaina gaban maigidansa, ni kuma na tsaya ina yi wa kamfani dariya. Girman kai rawanin tsiya, kuma ni na naɗa abina da hannuna.

Isuhu ya ce gobe Juma'a bayan la'asar mutum goma sha takwas za su zo, Abu Fahad kuma zai riga su. Ba keke a wurin, komawa Batha ɓata rana ne. Amma tela ba ya tafiya ba allura. Na tambayi roba, ya buɗe wani kwali cike da fasassun abin rufe fuska, madaurinsu roba ce mai faɗi da ƙarfi. Sha ɗaya saura muka zauna a inuwar rumfa. Shi yana farke murfi da reza, ni ina juya ɗamarar, ina tsuke aljihu, ina ɗora roba. Aljihu tamanin ne, kowanne sai an zura gora an girgiza an ga ba ta faɗo ba.

Da azahar aka kawo shinkafar kabsa da kaza daga wani gidan abinci na bakin titi, riyal goma sha takwas, muka ci tare. Isuhu ya kwashe maɓallan da muka cire ya zuba a gwangwani, ya ce waɗannan dai ba mai hana shi tsincewa. Zuwa isha'i mun gama tara, yatsuna sun daina jin magana. Na kwana a ɗakin ma'aikata, katifa a ƙasa da bargo biyu.

Juma'a

Daga sallar asuba muka koma. Sha ɗaya da rabi muka tafi masallaci a akori-kurar filin, tafiyar minti goma, muka dawo muka ɗora. Ƙarfe uku saura kwata muka hango ƙurar mota, a lokacin muna da goma sha bakwai.

"Ɓoye ukun nan cikin jaka," in ji Isuhu. "Da samfurin sun cika sha takwas. In ce mishi sauran na tahe."

Na ɓoye, ba zan yi muku ƙarya ba. Abu Fahad ya sauko, mutum ne mai jiki, ba ya yawan magana. Ya ɗaura ɗaya a kan farar rigarsa, ya zura gora huɗu, ya yi tsalle sau uku, ba abin da ya faɗo. Ya fizgo ɗaya, ta fito sumul. Sannan ya bi jerin da ido ya ce, "Wen talata?" wato ina sauran ukun.

Isuhu ya buɗe baki, na riga shi. Da na bari ya yi ƙaryar, da na ɗora masa kaya na biyu bayan na farko. Na zaro ukun na shimfiɗa, da murfinsu da maɓallansu. Da guntun Larabcina na kasuwa na ce duka ashirin haka na kawo su, laifina ne, na yi tunani da yawa ban yi tambaya ba. Ya ɗauki ɗaya, ya ɓalle maɓalli, ya mayar, ya bi ɗinkin da yatsa. Ya ce wannan ta yi kyau da zuba dabino. Bai yi dariya ba, kuma bai ce komai game da aiki ba.

Bayan la'asar masu wasa suka shiga, na tsaya bayan raga ina kallo. Ban ga wanda ya ci ko wanda aka ci ba, ƙugun mutane kawai nake bi da ido. Can wani dogo ya zabura da gudu, gora ɗaya ta sulluɓe ta faɗi, gabana ya faɗi tare da ita. Abu Fahad yana gefena, ya gani. Sauran kuwa suka riƙe har aka tashi.

Da aka watse ya kira ni ɗakin ajiya, ya buɗe wata ƙofa ta ciki. Riguna yagaggu da safar hannu da madaurai sun yi tsibi har ƙugu.

"Lahadi ka kawo iƙama," ya ce, "mu yi naƙal kafala, ka dawo ƙarƙashina. Akwai keke a gida, zan kawo. Amma ya Habu, kafin almakashi, su'al."

"Kafin almakashi, tambaya," na maimaita da Hausa. Isuhu ya juya baya yana gyaran kwalin da ba abin da ya same shi.

Komawa

Shida da kwata, bayan magariba, Isuhu ya ɗauke ni a akori-kura. Shingen jiya babu shi. A tasha na ce masa ya kawo duk wandon da ya yage. Ya ce zai kawo, amma aljihun a bar masa shi yana kallon sama.

A jirgi na yi ta tunanin marigayi maigidana da ya koya mini ɗinki. Ba ya yanka yadi sai ya tambayi mai kaya sana'arsa, don rigar mahauci daban, ta malami daban. Ni da na ga na iya, sai na bar tambayar a hanya ban ma san ranar da ta faɗi ba.

Takwas da minti ashirin na shiga ɗaki. Ɗaya daga cikin ɗamarar nan mai maɓalli na roƙa aka bar mini, na rataye ta a ƙusa inda zan riƙa ganinta. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, sannan ga Isuhu, wanda ya harbe ni sau bakwai kuma ya farke mini aljihu tamanin saura kaɗan.

Na kira Hajara, uwar 'ya'yana, na ce a gaya wa magini ya ci gaba, an sami aiki. Ta yi hamdala sau uku. 

"Ke nan bana ma ba za ka zo ba," ta ce.

Na ce bana ma.