Kwarin da kwamfuta ta share a hanyar Damaturu

Mun tashi daga Galtimari bayan sallar asuba, ni da injiniyan da ke mini zanen filaye da mai awonsa. Ni dillalin filaye ne. Na sayi wata gona a hanyar Damaturu zan yanka ta fuloti, mutanen Umarari har sun fara tambaya. Zanen da kwamfutar injiniya ta fitar ya nuna wurin shimfiɗe kamar faranti. Ban yarda ba, don da damina na taɓa ganin shanu suna shan ruwa a tsakiyarta. Wanda ya ga ambaliya a garin nan ba ya sayar wa mutum tafki.

Hanya lafiya lau, sai shingayen bincike, kowanne a sauke gilashi a ce wushe, wato sannu. Man da muka sha a bakin gari ya fi na makon jiya tsada, ƙosai kuma ya ƙanƙance kamar an yi masa awo.

Da hantsi muka isa. Mai awo ya kafa na'urarsa, na riƙe masa sanda ina bin gona, ƙarangiya ta cika mini wando. Tsakiyar ta fi gefe zurfi da kusan rabin mita.

Injiniya ya zauna gindin darbejiya ya buɗe kwamfuta. Ya sake loda awon, faranti ya sake fitowa.

"Alhaji, mu koma, na duba a ofis."

"Injiniya, nan za mu ci abincin rana. Duba a nan."

Aka kawo mana burabusko daga ƙauyen gefe, injiniya ko hannu bai sa ba. Wajen la'asar ya dafa kai. Ɗan tsarin da ya rubuta don ya riƙa haɗa zanen da kansa yana zubar da duk lambar da ta biyo bayan ɗigo, sai cikakkiyar mita kawai yake ɗauka. A ƙasa mai duwatsu ba za a lura ba. A ƙasar Borno kuwa tudu da kwari duk a bayan ɗigon suke. Ya gyara, kwarin ya fito a allo, daidai inda shanun suka tsaya.

Kafin magariba muka shigo gida. Na cire tsakiyar daga fulotan, za ta zama magudana. Abin da na koyo: kowane zane aka kawo mini, sai na taka gonar da ƙafata kafin in kira mai saye.