Ranar da Injin Ya Fizge Munduwar Hajiya

Na daɗe ina goge ƙarfe a wani shago kusa da Ƙofar 'Yandaka. Mai shagon dattijo ne mutumin Filato, kowa Baba yake ce masa. Muna goge butoci da farantan tagulla da ƙarafunan babur. Injin namu mota ce ta lantarki mai juya faifan ƙyalle. Sai ka shafa wa faifan wani dunƙule mai maiƙo da muke kira sabulu, sannan ka kara ƙarfen a jiki har ya yi sheƙi.

Baba ya tafi gida jana'izar yayarsa, sai motar ta ƙone. Ban jira shi ba. Na je Batagarawa wurin wani mai gyaran injin ban ruwa na samo wata, na ɗaura. Da na kunna sai na ji kukanta siriri, benci kuma yana rawa. Na kara sabulun, maimakon ya kama faifan sai ya narke ya fantsama a bango da gaban rigata. Butar da na gwada ta yi zafi nan take, ta fito da baƙin dabbare-dabbare. Amma na ce wa kaina sabulun ne ya tsufa.

Da hantsi wata Hajiya ta shigo da munduwar azurfa ta marigayiya mahaifiyarta, tana so a goge mata ta ba ɗiyarta.

"Hajiya, ki zauna daga waje," na ce.

"A'a Malam, idona ba ya barin munduwar nan."

Ta tsaya dab da kafaɗata. Na zura yatsa biyu cikin munduwar, abin da Baba ya sha hana ni, na kara ta. Ban ga lokacin da faifan ya cafke ta ba. Na dai ji an fizgi hannuna, sai ƙarar munduwar a ƙofar ƙarfen da ke bayanmu, sai Hajiya a ƙasa ta dafe kai tana salati.

Na kasa motsi. Injin yana ta kuka, jini yana ɗiga a kan ƙafata, ni kuwa mayafinta kawai nake kallo, ina jiran in ga ya yi ja. Maƙwabcinmu tela ne ya ruga ya zare wayar.

"Hajiya, ta same ki?" in ji shi.

Ta cire hannunta a hankali. Babu rauni. "Iskarta na ji a kunnena," ta ce.

Ni farce na rasa, yatsana ya goce. Munduwar ta lotse. Hajiya ta ɗauki abinta, ta yi mini sannu, ta fita. Ban sake ganinta ba.

Da Baba ya dawo ya kunna motar, ko minti ba ta yi ba ya kashe.

"Gudun wannan ya kusa ninka na waccan," ya ce. "Shi ya sa sabulun ke narkewa. Ba ka ji kukanta ba?"

"Na ji, Baba."

Ya kai tsohuwar motar aka sake naɗa mata waya. Na fi wata guda ina ja da baya duk lokacin da na zo gaban faifan, har sai da Baba ya mayar da ni wankin butoci, shi ya koma kan injin.