Fiffike Hamsin na Baba Sale

Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa mayar da dattijo ɓarawo ba. A farkon shekarun saba'in ne, ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin binciken ƙwari kusa da Sinnar, ƙarƙashin Ustaz Haruna, ɗan garinmu da ya yi karatu.

An kawo mana ƙudan zuma na ƙasar waje don gwaji, sai amya guda ta wayi gari fayau. Bayan kwana uku aka ga sabon taron zuma a amyar Baba Sale, wani manomi a hanyar Dinder. A gaban masallaci umda, wato mai gari, ya ce masa ya saci kayan hukuma.

Aka aike ni na ɗebo ƙudan a kwalba. Baba Sale bai hana ni ba. Ya ce, "Ɗana, ɗauki. Ni dai na san uwassu tun tana kogon tsamiya."

Na duba, baƙaƙe ne kamar namu da suka ɓace. Na dawo da rawar jiki na ce, "Ya Ustaz, halas, magana ta ƙare, su ne."

Bai ko ɗago kai ba. "Ka auna?"

Ka'idar ita ce a cire fiffiken dama na gaba, a manna a gilashi, a ƙara girmansa da madubi, a auna wasu jijiyoyi biyu a raba doguwar da gajeruwar. Lissafin na waje daban, na gida daban. Na auna biyar a gaggauce, na ce sun isa, na waje ne. Ya ce hamsin. Raina ya ɓaci, don har na riga na yi wa abokai cika baki cewa na kama ɓarawo.

Ya naɗe hannun riga, muka zauna tare tun hantsi har la'asar. Hamsin ɗin nan kaf na gida ne, launi ne kawai ya ruɗe ni. Kunya ta rufe ni.

Na ɗauko takarda zan rubuta wa umda, ya dafe ta. "A ina anka kira shi ɓarawo?"

"Gaban masallaci."

"To can za mu."

Ranar Juma'a ya tsaya gaban jama'a da gilasan fiffiken ya wanke Baba Sale tas. Tsohon ya share ido da bakin rawani.

Ku da kuke aikin yanzu, abin da na koya wurin Ustaz ke nan: jijiyar da muke aunawa ba ta kai kaurin gashi ba, amma ranar nan mutuncin mai shekara saba'in a kanta yake rataye. Har na yi ritaya ban sake tsayawa a biyar ba.