Tabarmar Hadari

A gidanmu na unguwar Ƙiblatain a Madina, da sanyi ya shigo, tsakar gida ta zama ta Kaka. Ana idar da Magariba za ta jawo kurfotinta bakin ƙofa, ta zuba gawayi, ta ɗora butar shayi, mu kuma mu kewaye ta kamar kaji sun ga tsaba. Yaran unguwa Sitti suke ce wa kakanninsu, ita kuwa ta ce ba ta san zancen ba, Kaka take. Da Hausa take yi mana tatsuniya, mu jefa mata tambaya da Larabci, ta amsa da Hausa, ba wanda ya ji an cuce shi. Ni ce gwanar katse ta, kuma har yau bakina bai koyi jira ba.

Yammacin da ya fi zama a raina shi ne jajibirin wasan ƙwallon Yaya Usama. Shi ne mai tsaron ragar tsangayarsu a jami'a, shekararsa ta ƙarshe ke nan, ga shi sun kai wasan ƙarshe. Babanmu kuwa a filin jirgi yake aiki, cikin masu sauke kayan alhazai, kuma bai taɓa ganin ɗansa a bakin raga ba. Duk ranar da ake wasa yana bakin aiki. Wannan karon sai da ya yi ta lallashin wani abokin aikinsa kafin suka yi musayar rana. Rana ɗaya ce tak a hannunsa. In wasan ya gusa daga gobe, Baba ya rasa ke nan.

Gidan ranar kamar ana shirin biki. Al'adar ita ce, ranar babban wasa iyalai kan cika filin ajiye motoci tun da rana, a buɗe bayan mota, a yi shimfiɗa, a hura gawayi a gasa nama. A lokacin mata ba sa shiga filin wasa, ta cikin shingen waya muke kallo, don haka bayan motar nan shi ne kujerarmu. Umma ta yini tana yanka nama tana soka shi a tsinke, Kaka ta daka yajin ƙuli har maƙwabta suna atishawa. Ni kuwa na hana kowa sakat, ina ta zagaye da tutar da na ɗinka da hannuna, wadda ta karkace kamar an taka ta.

Muna zaune bakin wuta Baba ya shigo, bai ko cire rigar aiki ba. Ya ce, "Masu duba yanayi sun aiko mana. Gobe bayan Azahar akwai ruwa, mai ƙarfi, har da tsawa. An ce a ɗaure duk kayan da ke waje."

Yaya Usama ya ajiye kofin shayinsa. Ni ce na miƙe tsaye, na ɗaga hannuwa sama, na kwarara murya: "Ya Rabbi, kada ka bari a yi ruwa gobe!"

Kaka ta dube ni ta saman hayaƙi. "Samira, sauke hannun nan. Shekaranjiya gari ya fita roƙon ruwa, yau ke kina korarsa? Ta'ali, matso kusa." Ta gyara gawayi da tsinke, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya."

Muka ce, "Ahlan, ta shigo."

Wai akwai wani gari da ba su da abin so kamar kokawa. Wata rana Hadari ya taso daga nesa, ya ɗauko musu ruwa a ka, ya sha tafiya har ƙafafunsa suka yi nauyi. Sai ya iso daidai ranar babbar kokawarsu, an share fage, makaɗa sun ɗaure ganguna. Mutanen gari suka ruga bakin ƙofa suka tare shi, suka ce ya yi haƙuri, yau suna da sha'ani, ya koma ya dawo gobe. Hadari ya juya da kayansa. Bai dawo gobe ba, bai dawo baɗi ba. Rijiyoyi suka ƙafe, gero ya ƙare, har ƙaton da ke kayar da kowa ya rame, akuya ta goge shi ya faɗi. A nan Kaka kan kwaikwayi faɗuwar, mu yi ta dariya har da riƙe ciki.

To akwai wata mai tuyar ƙosai a bakin fagen. Kullum in ta zo, sai ta shimfiɗa tabarmarta, ta kuma shimfiɗa wata a gefe, ta hana kowa zama. In an tambaye ta ta wa ce, sai ta ce ta baƙon da suka kora ce. Aka mayar da ita abin dariya, ba ta fasa ba. Ran nan Hadari zai wuce wani gari, ya leƙo ƙasa, ya hangi tabarma a shimfiɗe ba kowa a kai. Ya ce, ashe akwai mai jirana a garin nan? Ya sauko ya zauna, ya sauke kayansa duka. Mutane suka fito suka yi kokawarsu a cikin taɓo.

Na ce, "To wa ya yi nasara?"

"Wa ya tsaya tambaya? Kowa ya faɗi, kowa ya tashi yana dariya. Na sauke muku ita nan, mai so ya ɗauka." Ta tona garwashi da tsinke. Goye aka zo da ita ƙasar nan, daga wajen Damagaram, a wata shekara da sama ta ƙi zubarwa, kuma ba ta cika son zancen ba. Sai ta ce, "Samira, ɗauko babbar tabarmar robar nan ki sa a mota." Na ce ai mun riga mun sa shimfiɗa. Ta ce ta sani.

Gari ya waye tangaram, ko ɗigon gajimare babu. Na bi Baba da tsiya, ina cewa masu duba yanayinsu su nemi wata sana'ar. Filin motoci kuwa ya cika maƙil. Hayaƙi ta ko'ina, samari na buga ganga a kan murfin mota, wasu Sudaniyawa a gefenmu suka miƙo mana shayi, wani likita ɗan Kano ya biyo ƙamshin yajin Kaka har gabanmu yana cewa yau ya tuna gida. Baba ya sa farar riga sabuwa, yana juya tsire yana leƙen fili. Da Yaya Usama ya fito motsa jiki ya ɗago mana hannu da safarsa, na yi ihun da sai da Umma ta toshe mini baki.

Sai iska ta juya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso daga wajen dutsen Uhudu, sama ta yi baƙi ƙirin kafin Baba ya gama jera tsinke na biyu. Aka yi wata walƙiya, aka saki tsawa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ba a ko taɓa ƙwallo ba aka sanar an ɗage wasa zuwa mako mai zuwa.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba. Baba na tsaye da tsinken tsire a hannu, ruwa na bin fuskarsa, yana kallon ragar da ba kowa a cikinta. Amma mutanen Madina ba sa gudun ruwa. Nan da nan aka fito daga motoci, maza na cire mayafin kai don ya taɓa su, ana addu'a, yara na tsalle. Kaka ta sa aka tura kurfoti ƙarƙashin murfin mota, ta ce, "Yalla, Samira, baƙo ya iso. Shimfiɗa masa." Ina kuka na baje tabarmar a fili, ruwa ya hau dukanta.

Can sai ga 'yan wasa sun fito sharkaf, Yaya Usama da ƙwallo a hammata, kansa a ƙasa. Filin motocin tsakuwa ne, ba mai tsaron ragar da zai iya faɗuwa a kai. Kaka ta dube shi, ta dubi tabarma, ta ce, "Ya waladi, yarona, hau ka taya baƙo zama." Wani ya jawo akwatin ƙanƙara ya ajiye a wannan gefe, wani ya ajiye nasa a wancan. Raga ta samu.

Sai Baba ya miƙa wa Umma tsire, ya tuɓe takalmi, ya tattare farar rigarsa ya ɗaure a ƙugu. Ya dasa ƙwallo, ya ja da baya. Duk filin ya kewaye su, ganga ta dawo. Ya sheƙa mata ƙafa da ƙarfin da ban san yana da shi ba, Yaya Usama ya tashi sama kamar an harba shi, ya cafke ta, ya zube a kan tabarma ruwa ya fantsama. Baba ya buga ihu, "Ɗana ne! Wallahi ɗana ne!" Ya sake bugawa, ya sake, har muryarsa ta dushe, rigarsa ta koma ruwan ƙasa.

Da aka buga wasan na gaske, Baba na ƙarƙashin jirgi yana sauke akwatuna, kuma an ci su Yaya. Amma har Allah ya karɓi ransa, in aka tambaye shi ko ya taɓa ganin Usama a raga, sai ya ce, "Gani? Da ƙafata na gwada shi."

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce kawai, kada a kori ruwa. Sai da na girma, abubuwan da na shirya suka yi ta rushewa a hannuna, na gane Kaka ba ta taɓa yi mana alkawarin cewa wasa ba zai lalace ba. Wuri kawai ta koya mana bari, don abin da ba mu gayyata ba ya samu inda zai zauna. Ina kewarta, ita da Baba, musamman in na ji ƙamshin gawayi da sanyi.

Gobe Faisal, ɗan Yaya Usama, zai tsare ragar tasu tsangayar, kuma yanzu har kujera nake da ita a cikin fili. Ɗazu na duba waya, ga hoton gajimare da walƙiya a kan bayan Azahar. Hannuna har ya fara tafiya sama, na mayar da shi. Sai ga kiran Yaya, wanda gemunsa ya riga ya yi furfura.

"Samira, kin ga waya?"

"Na gani."

"Tabarma fa?"

"Tana cikin mota."

Ya ce, "To gobe ni zan buga."